Ɗan Cin Rani Ba Shamuwa Ba Ne: Gyara ga Mazhabar Myers

Tun da Norman Myers ya ƙiyasta cewa a 1995 akwai mutum miliyan 25 da lalacewar muhalli ta raba da gidajensu, kuma adadin zai iya kai miliyan 200 kafin 2050, wani ra'ayi ya samu gindin zama a nazarin ƙaura: wai mutumin Sahel yana tashi ne idan ruwa ya ɗauke, kamar dai yadda tsuntsu ke yi. Abin da wannan maƙala ke ja da shi shi ne aron ma'aunin dabba a auna mutum, musamman ɗan cin rani na ƙasar Hausa.

A fara da tsuntsun kansa. Berthold da Querner, a 1981, sun haɗa auren wasu ƙananan tsuntsaye masu baƙar hula na kudancin Jamus, masu tafiyar nesa, da 'yan uwansu na tsibiran Kanari waɗanda ba su cika tafiya ba. 'Ya'yan suka fito da zumuɗin tafiya tsaka-tsaki. Ke nan a jini abin yake, gado ne. Shamuwa ma da ke sauka garuruwanmu gab da damina, ta koma kudancin Afirka da rani, ba ta zama ta yi lissafin haraji ko sadaki.

Ɗan cin rani kuwa da lissafi yake tashi. Binciken Prothero kan 'yan cin rani a lardin Sakkwato an yi shi ne a ranin 1952 zuwa 1953, kuma shekarun 1950 na cikin mafi ruwa da Sahel ta gani a ƙarni na ashirin. Duk da haka maza suka yi ta kwarara kudu, zuwa yankin koko da biranen kurmi, wasu har Gwalkwas. Swindell (1984) ya nuna tushen abin tun farkon mulkin Turawa: harajin da sai da tsabar kuɗi ake biya, sakin bayi, da sababbin kasuwannin gyaɗa da koko. Da wuya, a ganina, a kira wannan gudun fari alhali rumbuna ba su bushe ba.

Mai bin Myers zai ce: to farin 1973 da na 1984 fa? Ba mutane suka watse ba? Wannan ƙalubale ne mai nauyi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne an watse, dabbobi sun mutu, birane sun cika da baƙi. Sai dai tambayar ita ce wa ya tafi, ina ya nufa, ya daɗe ko ya dawo. Sally Findley (1994) ta bi iyalai a yankin Kayes na Mali cikin farin 1983 zuwa 1985, ta tarar jimillar ƙaura ba ta ƙaru ba. Abin da ya canja shi ne kamanninta: tafiya Faransa ta ragu, gajerun tafiye-tafiye na je-ka-dawo suka yawaita, mata da yara suka ƙaru cikin matafiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tafiyar nesa guzuri take so, fari kuwa guzurin yake fara cinyewa. Wanda ya fi kowa talauci sau da yawa shi ne wanda ba ya iya motsawa, kuma lissafin Myers, da ya ƙirga mazauna wuraren haɗari ya ɗauka za su tashi, ba shi da gurbin wannan mutumin.

A nan dole in taƙaita da'awata. Kayes ba Katsina ba ce, kuma mutanenta suna da tsohuwar hanya zuwa Faransa wadda manomin Hausa ba shi da irinta. Saboda haka ba zan ce fari ba ya ƙara cin rani a ƙasar Hausa ba. Abin da hujja ta yarda a faɗa ya fi haka ƙanƙanta: cin rani ya girmi farin da ake jingina shi gare shi, kuma kamar yadda aikin David Rain (1999) a Maraɗi ya nuna, dabara ce ta gida, a rage bakin ci daga rumbu a kuma dawo da kuɗi kafin shuka. Fari na iya tsawaita zaman ko ya sa a tashi da wuri, amma hanyar, da masaukin, da maigidan da zai karɓi baƙo, tarihi ne ya shimfiɗa su.

Duk nazarin da ya auna ruwan sama bai tambayi farashin hatsi da kuɗin mota da wanda ke jiran matafiyi a zango ba, to bai auna cin rani ba.