Yadda Masana Suka Bibiyi Asalin Masarautun Hausa

Binciken zamani kan asalin masarautun ƙasar Hausa ya soma ne a hannun jami'an mulkin mallaka. A 1908 H. R. Palmer ya fassara Tarihin Kano daga Larabci zuwa Turanci, littafin da ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Shi da ire-irensa sun ɗauki labarin Bayajidda a matsayin hujjar cewa baƙi daga gabas ne suka kawo sarauta, domin Turawan wancan zamani sun riga sun ƙudurce cewa daga waje wayewa take shigowa Afirka.

Masana harshe ne suka fara girgiza wannan ra'ayi. A littafinsa na 1963, Joseph Greenberg ya sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi, tare da Bole da Ngizim da Angas, harsunan da ake magana da su a maƙwabtaka. Tun a 1960 ya nuna cewa kalmomin karatu da rubutu ta bakin Barebari suka shigo Hausa, abin da ke nuna tsohuwar alaƙa da Borno. John Sutton ya ɗora a kan irin wannan hujja a 1979, inda ya ce Hausa ta yaɗu ne daga gabashin ƙasar zuwa yamma.

A fagen tarihin siyasa kuwa, Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya kawo wata fahimta a 1970. A ganinsa sarauta daga cikin gida ta tsiro: ƙauyuka suka zama garuruwa, garin da ya samu ƙasar noma da tama da kasuwa da wurin tsafi ya janyo baƙi ya zama birni mai ganuwa. Da zumuncin jini ya kasa riƙe jama'a mabambanta, sai aka buƙaci sarki da masu sarauta.

Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a littafinsa kan Katsina na 1981. Ya haɗa rubuce-rubucen Larabci da labaran baka, ya ƙi yarda a fassara jihadin 1804 da cewa rikicin ƙabilanci ne tsakanin Hausawa da Fulani. Ya mayar da hankali kan sana'a da ƙaura da dangantakar talakawa da masu mulki, kuma ya dage cewa kowace majiya, ta Bature ce ko ta malamin fada, sai an tantance wanda ya rubuta ta da manufarsa.