Kayan Ƙafar Mota: Na Kamfani, Na Kasuwa ko Ɗan Beljiyam, Wanne Ya Dace da Motar Gona?

A motar da ke jigilar amfanin gona, ƙafa ce ke riga inji gajiya. Akori-kurar da ke ɗauko masara daga ƙauyukan Igabi zuwa kasuwar Kawo, ko take kai taki gonakin Afaka da Rigachikun, tana shan ramuka da laka da nauyi a lokaci guda. Ranar da ka shiga Ori-Apata ko Panteka neman kayan gyara, mai shago zai jera maka kaya iri uku da farashi uku. Ga yadda za ka bambance su, da inda ya kamata kuɗinka ya tafi.

Me ake nufi da ƙafar mota?

Su ne kayan da ke tsakanin taya da jikin mota:

- Sifirin: shi ke ɗaukar nauyi. A bayan akori-kura irin su Hilux, falle-fallen ƙarfe ne da aka ɗora kan juna.
- Shakazoba: ba ta ɗaukar kaya. Aikinta ta kashe lilon sifirin don taya ta zauna a ƙasa.
- Bushin: robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, mai shanye girgiza.
- Boljoyin da tayarod: gaɓoɓin da ke riƙe tayar gaba, suna haɗa ta da sitiyari.

Kaya iri uku da za ka tarar

*Na kamfani.* Shi ne wanda ke zuwa cikin kwalin kamfanin motar, mai lamba daidai da wanda mota ta fito da shi. Awonsa ba ya saɓawa, yana kuma daɗewa, amma ya fi tsada, kuma shi aka fi yi wa jabu. Tsofaffin motoci kuwa samunsa sabo da wuya. Kamfanin PAN da ke Kakuri, tsallaken kogi, ya fara haɗa Peugeot a 1975, shi ya sa Kaduna ke da kanikawan da suka san 504 ciki da bai. Sai dai an daɗe da daina ƙera ta, don haka mai ita yau kayan kasuwa ko na hannu ne abin dogaronsa.

*Na kasuwa.* Wanda wani kamfani daban ya ƙera don ya shiga motarka. Nan ne ruɗani yake, domin a ƙarƙashin suna ɗaya akwai mai kyau ƙwarai, akwai na banza. Ka sani cewa yawancin kamfanonin mota ba su ke ƙera shakazoba da kansu ba, saye suke yi. KYB na Japan da Sachs na Jamus suna sayar wa kamfanonin mota, suna kuma sayarwa a kasuwa da sunansu. Haka Monroe a ɓangaren shakazoba, da 555 na Japan a ɓangaren boljoyin da tayarod, sunaye ne da kanikawa suka sani. Can ƙasa kuma akwai wanda ba shi da sunan kamfani ko lamba, araharsa kaɗai ake tallatawa.

*Ɗan Beljiyam.* Kayan da aka ciro daga motocin da suka yi aiki a ƙasashen waje, galibi ta Legas suke shigowa. Asalinsa na kamfani ne, amma ya riga ya ci wani ɓangare na shekarunsa, kuma ido ba ya gane saura nawa.

Wanne za ka saya a kowane gurbi?

*Boljoyin da tayarod.* Nan ba wurin neman sauƙi ba ne. In boljoyin ya cire, taya kwanciya take yi, sitiyari ya fita daga hannun direba, wataƙila a kan titin Zariya da kaya niƙi-niƙi da mutane a sama. Ka sayi sabo, na kamfani ko na kasuwa mai suna. Ka guji na hannu, ka guji wanda aka bubbuga aka matse don ya daina kaɗawa.

*Shakazoba.* Sabuwa ta kamfani mai suna ta wadatar, ba dole sai mai kwalin kamfanin motar ba. Ta hannu caca ce, domin abin da ke lalacewa yana ciki: mai da bawul da robar da ke riƙe man. Kamfanin Monroe yana ba da shawarar a sauya shakazoba a wajajen kilomita 80,000. Motar da ke bin hanyar gona kada ka jira ta kai haka kafin ka duba. A sauya biyu tare, hagu da dama.

*Sifirin.* Nan ɗan Beljiyam yana iya yin amfani, tunda ƙarfe ne da ido ke gani. Ka duba ba tsagewa, ba tsatsar da ta ci ciki, kuma lanƙwasar na hagu da na dama ta zo daidai. Fallen da ya karye a sauya shi, kada a yi masa walda. Maƙeran Panteka gwanaye ne wurin gyaran akori da maƙalan ƙarfe, amma zafin walda yana kashe taurin ƙarfen sifirin, sai ya sake karyewa a gefen ɗinkin.

*Bushin.* Sabo kawai, domin roba tana tsufa ko a ajiye take. Bushin da aka yanka daga tsohuwar taya zai fitar da kai daga daji, amma ba abin zama da shi ba ne.

Batun ƙara falle

Direbobi da yawa suna ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin baya don mota ta daina zama idan an loda ta. Gaskiya ne tana miƙewa. Amma birki da tayoyi da gindin baya da shasi suna nan yadda kamfani ya auna su. Akori-kura irin Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da direba da fasinja. Wato buhun masara mai kilo 100 bai wuce goma ba, buhun taki mai kilo 50 bai wuce ashirin ba. Wanda ya ɗora buhu goma sha biyar saboda ya ƙara falle, ya mayar da wahalar ne kan kayan da suka fi sifirin tsada. Sawu biyu ya fi karyewar shasi arha.

Yadda za ka kauce wa jabu

1. Ka tafi da lambar shasin motarka da tsohon kayan da aka cire, a gwada tsayi da ramukan noti a gabanka.
2. Lambar da ke jikin kwali ta zo daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen.
3. Ka danna shakazoba da hannu. Ta yi tauri daga farko har ƙarshe, ba wurin da take zarcewa. Mai gas za ta taso da kanta in ka sake ta.
4. In an ce na kamfani ne amma farashinsa na ɗan gwanjo ne, ka ajiye. Araha ba ta ado.
5. Ka karɓi rasit mai sunan kaya da lambarsa, ku kuma yi magana kan canji tun kafin ka biya.

Wurin ɗaurawa

Kaya mai kyau ma ɗauri marar kyau yana kashe shi. Ka sa bakanike ya ƙarasa ɗaure notin bushin bayan an sauke mota a kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan aikin sifirin, a sake ɗaure ƙusoshin da ke riƙe shi bayan 'yan sawu na farko. In an taɓa tayarod ko boljoyin, a kai mota a daidaita ƙafa, don kada ta cinye sabbin tayoyi.

Ga ƙungiyoyin manoma

Ku buɗe littafi ga kowace mota: ranar da aka sa kaya, sunan kamfaninsa, shagon da aka saya, kuɗinsa, da ranar da ya mutu. Cikin shekara biyu za ku gane wane kaya ne mai arha da gaske, domin wanda aka saya sau uku an biya bakanike sau uku. Ku duba ƙafar mota sau biyu a shekara: a watan Afrilu kafin jigilar taki da saukar damina, sannan a ƙarshen Satumba kafin kaka. Motar da ta kwana uku a gareji da lodin tumatir ko barkono, asarar da ta jawo ta ninka bambancin kuɗin da ke tsakanin boljoyin mai kyau da na banza.