Kula da gashin zomo

Kula da gashin zomo na nufin taje gashin zomon gida, da tsabtace jikinsa, da yanke masa farce, da duba fatarsa domin gano cuta da wuri. Zomon da ake kiwo a gidaje, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, asalinsa daga kudu maso yammacin Turai ne, kuma jinsinsa daban yake da na zomon daji da mafarauta suka sani a ƙasar Hausa. A garuruwa irin su Kankiya da Kusada a Jihar Katsina, ana ajiye shi a keji ko a ɗan ɗaki a cikin gida, wasu don sha'awa, wasu don nama ko sayarwa.

Taje gashi

Zomo dabba ce mai tsabta, yana lashe jikinsa sau da yawa a yini kamar kyanwa. Sai dai shi ba ya iya yin amai, don haka duk gashin da ya haɗiye dole ya bi ta hanji. Idan gashin ya yi yawa, kuma abincinsa dusa ce zalla babu harawa ko ciyawa, hanjin kan yi sanyin aiki, zomon ya daina ci, kashinsa ya ƙanƙance ko ya tsaya. Wannan kan iya kashe shi cikin kwanaki kaɗan.

Irin zomayen da aka fi kiwo a Najeriya, wato New Zealand White da Chinchilla da Dutch da barbarar da ke tsakaninsu, masu gajeren gashi ne. Taza sau ɗaya a mako da buroshi mai laushi ta ishe su, amma lokacin da suke zubar da gashi gara a yi kullum. Idan babu buroshi, jiƙa tafin hannu a shafa daga wuya zuwa wutsiya yana kwashe gashin da ya saki. Angora mai dogon gashi yana buƙatar taza kusan kullum, kuma zafin arewa bai dace da shi ba. Fatar zomo siririya ce ƙwarai, shi ya sa ba a fizgar gashin da ya cukurkuɗe, kuma almakashi kan yanke fatar cikin sauƙi.

Wanka da zafi

Ba a yi wa zomo wanka. Gashinsa na ciki yana da kauri, yana daɗewa bai bushe ba, kuma firgitar da yake yi a cikin ruwa kan sa ya yi harbi da ƙafafun baya har ya karya ƙashin bayansa. A lokacin hunturu, jiƙaƙƙen zomo kan iya mutuwa saboda sanyi. In gindinsa ya ɓaci, wurin kaɗai ake gogewa da tsumma da ruwan ɗumi, a busar sosai.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin yankin Katsina kan kai digiri 40, alhali zomo yana fara galabaita da zarar zafi ya wuce kimanin 30. Ta kunnuwa yake fitar da zafin jikinsa. Abin da ke taimaka masa shi ne inuwa, da iska, da ruwan sha, da ɗan shafa wa kunnuwan ruwa. Kunnuwan nan cike suke da jijiyoyin jini, kuma ɗaga zomo ta kunne, duk da cewa al'ada ce da ta bazu a kasuwanni, yana cutar da shi. Ana tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, gindinsa da ɗayan.

Cututtukan fata

Ƙazuwa tana cikin cututtukan da suka fi addabar zomaye a Najeriya. Ƙwaron Sarcoptes scabiei yana haƙa fata, ɓawo ya fito a hanci da leɓe da yatsu, shi kuwa Psoroptes cuniculi cikin kunne yake zama. Ba a ɓamɓare ɓawon kunne, domin yana barin ɗanyen ciwo, kuma da kansa yake zubewa bayan magani. Likitocin dabbobi na amfani da allurar ivermectin, a maimaita bayan kimanin mako biyu, tare da ware marar lafiyar da wanke kejin. Shafa baƙin man mota, wanda wasu ke yi wa dabbobi, haɗari ne ga dabbar da ke lashe jikinta. Haka ma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil, guba ne ga zomo. Makero kuwa kan yi zagayayyen fili a gashi, kuma yana kama mutum, musamman yara masu ɗaukar zomon.

Da damina, ƙudaje kan yi ƙwai a gashin da fitsari ko zawo ya jiƙa, tsutsotsi su ƙyanƙyashe cikin ƙasa da yini guda su fara cin nama. Saboda haka ake duba ƙarƙashin wutsiya kullum a wannan lokaci.

Ba kowace zubar gashi ce cuta ba. Zomanya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 31, kuma dab da haihuwa takan tsige gashin ƙirjinta da cikinta ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa, domin ana haifarsu ba gashi, idanunsu a rufe.