Annoba Uku da Makarantun Koyon Aiki: Daga Marisuwa Zuwa Korona

Kwanakin baya ina zaune a rumfar goron mahaifinmu a nan Agege, sai hira ta kawo mu kan shekarar 2020, lokacin da yayata ke karatun aikin jinya aka rufe musu makaranta. Wani dattijo ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, an yi irinsa a zamanin kakansa. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwaya baya, domin yaranmu da yawa yanzu sun shiga makarantun koyon aikin lafiya, da na fasaha, da shagunan koyon sana'a, kuma irin wannan karatu ba ya yiwuwa sai mutum ya je da ƙafarsa ya taɓa da hannunsa.

Ta farko ita ce murar 1918, wadda tsofaffinmu ke kira Marisuwa. Ta shigo Legas ne a watan Satumba na shekarar, ta jirgin ruwa mai suna Bida, daga nan ta bi jirgin ƙasa da hanyoyin fatake har Arewa, domin layin dogo ya riga ya isa Kano tun 1911. An ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya. A lokacin likitoci ba su san ƙwayar da ke haddasa ta ba, don sai a 1933 aka gano ta. Saboda haka abin da Turawan mulki suka iya yi a Legas shi ne rufe makarantu da wuraren taruwa, da killace marasa lafiya. Dabara ɗaya ke nan: a watse kawai.

Ta biyu ni ganau ne, ina ƙaramin yaro. Ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ministan Ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ta ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da shi 22 ga Satumba. Da aka koma, sai ga bokitin ruwa mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ga malami riƙe da na'urar auna zafin jiki yana haska goshin kowa.

Mai karatu ya lura, wannan mataki ya dace da halin cutar. Ebola ta hanyar jini da amai da sauran ruwan jikin majinyaci take yaɗuwa, kuma mutum ba ya yaɗa ta sai alamunta sun bayyana. Ka ga ke nan tare mai zazzaɓi a ƙofa yana da ma'ana. Mutum 20 suka kamu tsakanin Legas da Fatakwal, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Ba a manta da jita-jitar wanka da ruwan gishiri ba, wadda ta kwantar da mutane a asibiti, da kuma ta namijin goro. Mu 'yan kasuwar goro mun ga ciniki a lokacin, amma gaskiya ba magani ba ne.

Sai ta uku, Korona. An samu mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka rufe makarantu a watan Maris, aka kulle Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen watan. Aka ce a koma karatu ta intanet. To, mai karatun littafi ya ɗan samu sauƙi in yana da data, amma yaya za a koya wa ɗaliba neman jijiya ko auna hawan jini ta waya? Yayata ta yi watanni a gida tana maimaita littafi, hannu kuwa yana mantuwa.

Ni kaina ina cikin waɗanda suka koma aji ranar 4 ga Agusta, muka fara jarabawar WAEC ranar 17 ga watan, da takunkumi a fuska da tazara tsakanin kujeru. Su yayata da suka koma sai aka karkasa su rukuni-rukuni, wasu safe wasu yamma, tagogi a buɗe, a goge kayan aiki kafin wani ya ɗauka, kuma ba a shiga ɗakin marasa lafiya sai da kayan kariya. A nan na'urar goshi ba ta wadatar ba, domin Korona ta iska take bi, kuma wanda bai ji komai a jikinsa ba yana iya yaɗa ta.

A dunƙule, darasin shi ne: rufe makaranta abu ne mai sauƙi, amma ƙasa ba za ta daina horar da ma'aikatan jinya ba a daidai lokacin da take matuƙar buƙatarsu. Abin yi shi ne a san hanyar da cuta ke bi, a toshe ta. Kuma inda aka bar baya da ƙura shi ne unguwanninmu. Shagon tela mai yara takwas a ɗaki ɗaya ba taga, da garejin makanikai, su ma makarantu ne, sai dai babu jami'in da ya leƙo su. Don haka ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, su sa iyayen gida su tanadi ruwa da sabulu da iska a shago, kuma a bar yaron da ke zazzaɓi ya kwanta a gida ba tare da an ce masa rago ba. Tun kafin a yi daram akan yi kwandi. Sai mun sake haɗuwa.