The Spectator (jaridar 1711)

The Spectator jarida ce da Joseph Addison da Richard Steele suka kafa a Landan, babban birnin Ingila. Ta fara fitowa ranar 1 ga Maris, 1711, kullum ban da Lahadi, ta tsaya ranar 6 ga Disamba, 1712, bayan fitowa 555. Kowace fitowa muƙala guda ce kan ɗabi'a, adabi ko zaman jama'a, cikin sassauƙan Turanci mai fifita hujjar hankali a kan gardamar siyasa. 'Yan kasuwa da matan gidajen masu hali na cikin waɗanda aka rubuta ta dominsu. A shagunan shan gahawa kwafi ɗaya kan zaga hannuwa da dama. Harajin jaridu na 1712 ya sa farashinta ya ninka. Addison ya farfaɗo da ita a 1714.