Yarinyar da ba a taɓa haifa ba

A cikin littattafan gwanjo na tsince shi, a wata rumfa a kasuwar Sabon Gari, Kano. Ɗan ƙarami ne mai bango mai tauri, da zare maƙale a jikinsa don sa alamar inda mai karatu ya tsaya. Ba sunan marubuci a bangon, sai fuskar wata yarinya, Clotee, baiwa a wani gandu a jihar Virginia ta Amurka, 1859. Na kai wa 'yata. Kwana uku ta cinye shi, rana ta huɗu ta same ni ina alwala: "Baba, a ina aka tono littafin nan nata? Jikokinta suna nan?"

Sai da na buɗe shafin ciki na nuna mata sunan Patricia McKissack, wadda ta ƙagi Clotee, aka buga a 1997. Ta yi ta kumbure-kumbure kamar ni na yaudare ta.

Ba ita ce farkon faɗawa wannan tarko ba. A 1722 Daniel Defoe ya fitar da labarin annobar da ta ci Landan a 1665, da bakin wani mai sana'ar sirdi da ya sa hannu da H.F., wai shi ganau ne. Alhali lokacin annobar Defoe bai fi shekara biyar ba. Alƙaluman mamata da ake bugawa duk mako ya tattara ya gina labarinsa a kai. A 1844 kuma Hannah Mary Rathbone ta rubuta kundin wata Lady Willoughby ta zamanin yaƙin basasar Ingila, aka buga shi da tsofaffin haruffa da tsohon salon rubutu, har wasu suka ɗauka gadon gida ne aka tono. Waɗannan duk na manya ne. Kundin Anne Frank, wanda shi na gaske ne, da ya fito a 1947 ya nuna wa masu ɗab'i yadda yara ke manne wa muryar tsararsu.

Kamfanin Scholastic ne ya mai da abin sana'a sosai. A 1996 ya fara jerin Dear America, wanda littafin Clotee ke cikinsa, kowane littafi da yarinyarsa da zamaninta: wadda ta shiga jirgin ruwan Mayflower a 1620, wadda ta ga sojojin George Washington cikin hunturun Valley Forge a 1777. Kafin a dakata a 2004 an yi littafi 36, aka sake tasowa a 2010. Aka yi na maza, aka yi na 'ya'yan sarakuna, har da Nzingha ta Angola. Kanada da Ingila da Ostareliya ma kowa ya yi nasa.

Dabarar ba wuya a gane ta. Mai rubuta kundi ba ta san gobe ba. Clotee na yi wa ɗan ubangijinta fifita lokacin darasi, tana satar haruffa da ido, a jihar da doka ta hana a tara bayi a koya musu karatu. Ba ta san saura shekara biyu yaƙin basasar Amurka ya ɓarke ba, mai karatu ne ya sani, shi ya sa gabansa ke faɗuwa. A ƙarshe sai a ƙara shafi a faɗi yadda rayuwarta ta ƙare, a biyo da hotunan tarihi na gaske. Wannan shafin ne ya kama 'yata, kuma ni a ganina nan ne wasan ya fara wuce gona da iri.

Inda ya wuce ƙwarai shi ne littafin Ann Rinaldi na 1999 a cikin jerin, kan makarantar Carlisle da aka buɗe a Pennsylvania a 1879, inda ake kai 'ya'yan 'yan asalin Amurka a aske musu gashi, a hana su harshen iyayensu. Yara da dama sun mutu a can. Rinaldi ta je maƙabartar makarantar ta kwashi sunayen da ke kan kaburbura ta raɗa wa mutanen labarinta, ta kuma sassauta muguntar wurin. Masana daga cikin ƙabilun suka yi mata ca. Da kabarin kakata ne, ni ma ba zan yi shiru ba.

'Yata dai fushinta bai kai mako ba. Ta yagi littafin rubutu ta fara nata: wata yarinya 'yar Ƙofar Mata, ranar 3 ga Fabrairu 1903, ranar da Turawa suka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari. Ta rubuta shafi biyu ta tsaya, ta dawo wurina. "Baba, ai lokacin ba boko. Da ajami za ta rubuta?" Na ce da ajami. Ta ce, "To a ina za ta samu takarda, ba allo ake ba su ba?" Na tura ta ɗakin Hajiya, ni na tafi masallaci.