Tarihin Natto, Daddawar Mutanen Japan

Tun kafin masana su san akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, talakawan gabashin Japan sun saba su dafa waken soya, su ƙunshe shi da zafinsa cikin busasshen karan shinkafa, su bar shi a wuri mai ɗumi har ya yi yauƙi da wari, sa'an nan su ci shi da shinkafa da safe; wannan shi ne natto. Wata riwaya ta danganta asalinsa ga mayaƙan sarkin yaƙi Minamoto no Yoshiie na ƙarni na 11, ko da yake isnadinta ba shi da ƙarfi. Ƙwayar da ke ruɓar da shi kuwa, wadda masani Shin Sawamura ya ware a 1905, jinsinta ɗaya da wadda ke nunar da daddawar kalwa a ƙasar Hausa.

Al'amarin ya sauya ne a 1980, sa'ad da Hiroyuki Sumi, wanda ke bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka, ya ɗora natto a kan zaren da ke haɗa gudan jini, ya ga ya narkar da shi; a 1987 ya bayyana sinadarin da ke wannan aiki, ya raɗa masa suna nattokinase. Daga nan 'yan kasuwa suka shiga tace shi suna ɗurawa a kafso, suna auna ƙarfinsa da ma'aunin FU, galibi 2,000 a yini.

Sai dai abin da ya tabbata a kwanon gwaji ba lalle ya tabbata cikin jijiyar ɗan Adam ba. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna nattokinase yana ɗan sassauta hawan jini, amma binciken da aka wallafa a 2021 daga Kalifoniya, wanda ya bi mutum 265 kimanin shekara uku, bai ga ya hana kaurin jijiyar wuya ba, kuma a ganina wannan hujja ta fi nauyi.

Natto kansa cike yake da bitamin K, shi ya sa likitocin Japan ke hana shi ga mai shan warfarin, maganin tsinka jini. Kafson kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Don haka duk mai ciwon zuciya ko hawan jini, kada ya sayi kafson sai da shawarar likitansa.